Wa Ke da Zauren Masu Mashin?

Legas, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Maliki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ma'u da 'yarku Halima. Yaya Baba da ciwon gwiwar nan? Ka gaishe shi, ka gaida Inna Mairo. Ni lafiya ƙalau, sai mura da na yi fama da ita, ta kuma sake ni. Aikin kamfanin haɗa mashin yana nan yadda ka sani, a tsaye ake shiga, a tsaye ake fita.

Za ka yi mamakin ganin takarda. Bakoji direba ya kawo masara zai juya gida, shi ne na ce bari in ba shi. In na kira ka, sabis ɗin garinmu yakan yanke magana a tsakiya, wayarka kuma a hannun kowa take a gareji. Abin da zan faɗa ba na kowa ba ne.

Maganar Zauren Masu Mashin ce, zauren nan namu na cikin waya. Ka tuna yadda aka fara shi. A lokacin mutum zai kama hanyar Randagi bai san ko da lafiya ba, sai ya je ya gani da idonsa. Ni na bi mutane ɗaya bayan ɗaya a tasha da bakin kasuwa ina karɓar lambobinsu, wasu har suna yi mini dariya. Ni na sa dokar cewa ba siyasa, ba talla, sai labarin hanya da dabarun gyara. Kai a lokacin ko wayar shafawa ba ka da ita. Da zan taho nan na sa ka admin don ka riƙe mini, ban ce na bar maka ba.

Makon jiya na tura bidiyo a kan sababbin mashinan da muke haɗawa, waɗanda ba su da kafireta. Ranakun hutuna biyu na kashe a kansa. Abdulsamad mai faci ya ɗaga mini babban yatsa, wani kuma ya tambayi nawa 'yan bumburutu ke sayar da mai yau. Iyakar abin da na samu ke nan. A ranar ka yi saƙon murya kan yadda ake busar da fulogi in an tsallake rafi, abin da ni na koya maka a gindin mangwaron gareji, sai ga amsa kamar ruwan sama har yamma. "Allah ya ƙara basira, Injiniya Maliki." Injiniya kuma. Yaushe?

Na ga an cire hoton da na sa a fuskar Zauren, an sa naka kana tsugune gaban inji. Wannan na haɗiye. Wanda na kasa haɗiyewa shi ne muryar Baba. Tun da na kafa Zauren nan bai taɓa buɗe baki a ciki ba, yana cewa shi ba ya magana da gilashi. Sai ga shi ranar Juma'a yana cewa, "Ku riƙa sauraron ɗana Maliki, ya san abin da yake yi." Na saurara, na sake saurara, ko zan ji sunana a ƙarshe. Ban ce kai ba ɗansa ba ne. Tun rasuwar Baffa, mahaifinka, a ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya. Amma ina tsammanin yana da wani ɗan ma, ko da yake yana nesa.

Ka amsa mini ta hannun Bakoji.

Yayanka,
Naziru


Birnin Gwari, 24 ga Mayu

Yaya Naziru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta a bayan gareji inda ba kowa. Muna lafiya. Halima ta fara cewa "mashin" kafin ta iya cewa "Inna", Inna Mairo har fushi ta yi. Gwiwar Baba da sauƙi in rana ta fito, in hadari ya haɗu kuma sai a hankali. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Hanyar Kutemeshi lafiya lau makon nan, amma ta gefen Kamuku mutane sun daina bi sai a ayari.

Yaya, bidiyonka mai kyau ne, ni na kalla har ƙarshe. Amma ka manta sabis ɗinmu. Mutum sai ya hau tudun makaranta ya ɗaga waya sama kafin saƙon murya ya sauka, balle bidiyo mai tsawon huɗuba. Waɗanda suka samu ya buɗe musu sun ce abin sha'awa, sai dai a nan ba mai irin wannan mashin. Mutumin da fulogi ya jiƙe masa a tsakiyar daji da buhun taki a baya, abin da zai tayar da shi yake nema. Ban taɓa cewa ni na ƙirƙiro dabarar ba.

Hoto Abdulsamad ne ya canja, ban sa shi ba. Ban kuma cire ba, wannan gaskiya ne. Maganar Baba kuwa, yana zaune a benci wasu suna gardama da ni kan baƙin mai, ya karɓi wayar ya faɗi abin da ya faɗa. Ban roƙe shi ba.

Tunda ka buɗe maganar, bari ni ma in faɗi tawa. Hoton da ka turo da Sallah, kana cikin rigar kamfani da hular kwano da mashinai a jere a bayanka suna ƙyalli, Baba ya sa an wanke shi, yana liƙe a ɗakinsa saman gado. Duk baƙon da ya zo sai an shigar da shi ya gani. Ni da nake wuni cikin baƙin mai har ya shige mini ƙarƙashin farce, ni nake kai shi asibiti, ni nake ɗaga shi in gwiwar ta riƙe, babu hotona a bangon kowa. Sai a fuskar Zaure, shi ma ga shi ya tsone maka ido. Kai ka tafi inda ake biyan mutum ƙarshen wata ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ka bar mana ɗan abin da ya rage.

Game da gareji, Baba ya ce in daina jiranka, in yi abin da ya kamata. Na fara.

Wani labari mai daɗi. Wani ɗan kasuwa daga Kaduna ya kawo fatar birki sabuwa, mai hoton damisa a kwali. Tana kamawa sosai, kuma ba ta kai rabin tsadar ta kamfani ba. Ka san yadda mutanenmu ke tafiya da birki ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe saboda ba hali. Na sanar a Zaure, na kuma sa wa mutane da yawa, har daga ƙauyuka ana zuwa. Ko Modibbo na rugar bayan Randagi, wanda ka san sai mashin ya mutu yake kawo shi, ya zo an sa masa.

Ma'u tana gaishe ka. Ka riƙa shan magani in murar ta dawo.

Ƙanenka,
Maliki


Legas, 15 ga Yuni

Maliki,

Salamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ka gaida Baba da Inna da iyalinka. Ni ina nan.

To, na ji. Baba ya ce ka daina jirana. Ka rubuta shi a layi ɗaya kamar kana ba ni labarin farashin gero. Garejin da na fara share shi tun ban kai tsawon benci ba, an yanke hukunci a kansa ina nan ban sani ba. Ba zan kira Baba in tambaye shi ba. In yana so in sani, ya san lambata. Allah ya sa albarka a abin da ka fara.

Na san abin da ake faɗa a kaina a Zaure makonnin nan. Da ka ce a riƙa shafa wa sarƙa tsohon baƙin mai, na ce yana tara yashi. Da ka faɗi yawan iskar da za a sa wa tayar baya, na gyara maka. Da ka kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, nan ma na gyara. Duk gaskiya na faɗa, ko da yake na yarda ba duka ne sai an faɗa ba. Na ga Abdulsamad ya rubuta, "Legas ta farka," mutane suna ta dariya. Kai ba ka yi dariya ba, amma ba ka hana ba.

Yanzu ka ajiye wannan duka gefe ka saurare ni, don abin da ke tafe ba na wasa ba ne.

Na je kasuwar kayan mashin a nan na nemi fatar birkin nan mai hoton damisa. Ba zan ɓoye maka ba, na neme ta ne don in samo mata aibi. Na kai wa David, abokin aikina da ke sashen gwaji. Ya gasa ta kamar yadda birki ke zafi in an daɗe ana taka shi a gangara, sannan ya tsoma ta a ruwa. Maliki, da bakin sukuddireba ya ɗaga fatar ta rabu da ƙarfen kamar ɓawon rogo. Gam ɗin da suka manna ta da shi ba na birki ba ne. Muka gwada wata, haka. A rani za ta yi wata da watanni ba abin da zai faru. Amma da damina, mutum ya gangaro da kaya birki ya yi zafi, ya faɗa rafi, fatar za ta iya ɓallewa a cikin taya. In ta ɓalle, ko birki ya tafi gaba ɗaya, ko ta cushe tayar ta tsaya cik. Ka san gangaren da ke kafin rafin Randagi.

Na rubuta wannan a Zaure ranar Talata da rana, da hoto. Kafin in gama cin abinci an goge. Na sake turawa, sai na ga an rufe Zauren, admin kaɗai ke magana, ni kuma an cire ni daga admin. A Zauren da na kafa. Na kira ka, waya tana shiga ba ka ɗauka.

Ka ji haushina yadda kake so. Ka riƙe Zauren, ka riƙe garejin, ka riƙe sunan Injiniya. Amma ka kira duk wanda ka sa wa abin nan ka cire masa. In kana jin kunyar a ce daga bakina ya fito, ka ce kai ka gano. Ba zan musa ba.

Naziru


Legas, 20 ga Yuli

Maliki,

Salamu alaikum. Ina gaida Baba da Inna. Ina gaida Ma'u da Halima, su ba su yi mini komai ba.

Fiye da wata guda ke nan ba amsa. Wani direba da ya san Bakoji ya tabbatar mini takardata ta shiga hannunka. Wayarka a kashe, ta Baba a kashe. Ko sabis ne, ko kuma an gaji da ni ne, ban sani ba, na kuma daina tambaya.

Na fita daga Zauren tun washegarin da ka rufe mini baki. Ba zan zauna kamar baƙo a tabarmar da na shimfiɗa ba. Na buɗe wani, na sa masa suna Zauren Masu Mashin na Asali. Ya zuwa yanzu akwai ni, da David wanda ba ya jin Hausa, da wasu 'yan acaɓa mutanen Kontagora da ke unguwarmu. Ka yi dariya in ka ga dama. Zai girma.

Na daɗe ina tunani a kanka. Tun muna yara haka kake. Ba ka ƙwace abu, sai dai ka tsaya kusa da shi shiru har a ce ai naka ne. Keken da Baba ya saya mini, kai ka ƙare da shi. Mutane suna ganin ka mai haƙuri, ni kuwa mai baki. Ina nan ina tsaye wuni guda ina ɗaure ƙusoshi, in koma ɗakin da ko taga mai kyau babu, in ci abinci ni kaɗai, kai kana can a gindin mangwaro ana kawo maka rake da nono ana kiran ka Injiniya. Ka ce ni na tafi inda ake jin daɗi. Zo mu yi musanya na mako ɗaya.

Ban san ko ka cire fatar birkin nan ba. In ba ka cire ba, duk abin da ya faru yana wuyanka. Ni na faɗa.

Ba sai ka amsa ba.

Naziru


Birnin Gwari, 3 ga Agusta

Yaya Naziru,

Assalamu alaikum. Ma'u ce, matar ƙanenka. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Baba da Inna suna lafiya, Halima ma. Ka yi haƙuri ni ce na rubuto, ƙanenka ba zai iya riƙe biro ba yanzu. Kada hankalinka ya tashi, yana da rai, yana ci yana sha, an sallamo mu daga asibiti. Hannunsa na dama ne ya karye wuri biyu, da haƙarƙari.

Bari in faɗa maka yadda aka yi tun daga farko, don na ga kowannenku rabin labari yake riƙe da shi.

Ranar da ka tura gargaɗin nan a Zaure, yana gida yana cin abincin rana, ina zaune. Na ga fuskarsa ta canja. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Yaya ne kuma. Yanzu ya koma cewa zan kashe mutane." Na ce, "To in gaskiya ne fa?" Ya ce, "Makonni nawa yana bi na da gyara? Ko atishawa na yi sai ya ce ba haka ake yi ba." A gabana ya goge, a gabana ya cire ka. Na ce bai kyauta ba, ya ce in bar maganar maza.

Da takardarka ta zo ya karanta, sai ya miƙe. Ya tafi gareji ya ɗauko fatar birkin guda, ya sa a garwashin da nake dafa wake, ya jefa a bokitin wanki. Ina kallo ya sa farce ya ɓare ta. Ya zauna a ƙasa. Daga nan ya ce, "Ma'u, mutum nawa na sa wa abin nan?"

A satin ne iska ta lalata ƙarfen sabis na garin nan, waya ta mutu gaba ɗaya, ba Zaure ba kira. Na cikin gari ya bi su gida gida ya canja musu. Na ƙauye kuwa sai dai a je. Ya riƙa fita kullum da kayan aiki a jaka. Da ya isa rugar Modibbo fatar kirki ta ƙare masa, ga shi Modibbo zai kai matarsa awo washegari. Sai ya bar masa nasa mashin ɗin, ya hau na Modibbo zai kawo gari ya gyara. Ya ce a hankali yake tafiya. An yi ruwa da safe. Ya tsallake ƙaramin rafi, yana gangarowa babban, tayar baya ta tsaya. Masu dawowa daga gona ne suka tsince shi a cikin duwatsu.

Baba ne ya hana a gaya maka. Ya ce in ka ji za ka kamo hanya ko da lafiya ko babu, ga aikinka. Bakoji kuma motarsa ta yi makonni a wurin gyara.

Takardarka ta ƙarshe a asibiti ta same mu. Na so in ɓoye, ya ce in karanta masa. Da na zo wurin sabon Zaurenka da David wanda ba ya jin Hausa, ya yi dariya har haƙarƙarin ya sa shi hawaye. Da na zo wurin keke bai yi dariya ba. Ya ce, "Ashe yana riƙe da wannan." Ya juya fuska bango.

Maganar da Baba ya yi ta a daina jiranka, Yaya, rufin gareji ne. Kun yi alkawari za ku canja kwanon tare in ka zo, ruwa kuma ya fara zuba a kan kayan mutane. Shi ke nan. Ba wanda ya raba gado. Na tambayi ƙanenka me ya sa bai rubuta maka haka a fili ba, ya ce ya ɗauka ka gane. Ni ban yarda ba. Ina jin ya so ta ɗan yi maka zafi.

Na kuma gaya wa Baba abin da ke cin ka, ka yafe mini. Ya ce, "Naziru ko ban faɗa ba duk garin nan an san nawa ne. Maliki kuwa in ban faɗa ba wa zai faɗa?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ce a miƙo masa buta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Sabis ya dawo. Ƙanenka ya yi saƙon murya daga kan gado ya ce a cire fatar, ya kuma faɗa da bakinsa cewa kai ka gano, shi ya goge. Amma ɗan kasuwar nan ya sayar wa wasu masu gyara a Kutemeshi da wasu ƙauyukan, kuma an ce yanzu ya daina sa ta a kwalin damisa. Mutane suna tambaya yaya za su gane ta in ba kwali. Shi bai sani ba. Kai da abokinka kun sani. Abdulsamad ya tura maka gayyatar komawa Zaure sau da yawa, ba ka karɓa ba.

Gareji a rufe yake. Likita ya ce hannun zai warke, amma ban da riƙe sifana sai bayan kaka, kuma bai yi alkawarin zai koma kamar da ba. Ban faɗi wannan don ka yi wani abu ba. Na faɗa ne don kada ka sake cewa an ɓoye maka.

Ku biyun nan kun gajiyar da ni. Kowa yana leƙen kwanon ɗan'uwansa.

Ƙanwarka,
Ma'u


Legas, 12 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Maliki,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ma'u, na san ke ce za ki karanta masa, sannu da ɗawainiya, na gode. Ki karanta duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya. A gaida Baba da Inna, a shafa mini kan Halima.

Na karanta takardar a bakin ƙofar kamfani, sai da mai gadi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na kira wayarka ka ji muryata, na ji taka, muka yi ta "yaya jiki" da "da sauƙi" har sabis ya yanke. Abin da ban iya faɗa ba shi ne wannan. Takardata ta ƙarshe, na rubuta ta kana kwance da karyayyen hannu ban sani ba. Ka yafe mini. Da ban yi ta bin ka da gyaran banza ba, da ranar da na zo da na gaske ka saurara.

Na koma Zaure. Ka ga bidiyon da muka yi da David, gajere ne wannan karon, zai sauka ko ba a hau tudu ba. Mun nuna bakin fatar inda gam ɗin ke fitowa rawaya, da yadda ƙarfen ke da sauƙin nauyi a hannu. Abdulsamad ya ce masu gyaran Kutemeshi sun fara tattaro nasu. Na kuma roƙi shugaban sashenmu, an sayar mini da katan na fatar kirki a farashin ma'aikata, Bakoji zai taho da shi.

Da na shiga na hau sama na karanta abin da ya wuce ba na nan. Na ga yadda aka yi ta yi maka addu'a. Na ga hoton mashinai cike da harabar asibiti, mutane sun zo ba da jini. Na ga Modibbo ya kawo rago, na ga waɗanda suka raba ƙauyuka a tsakaninsu don su ƙarasa aikin da ka fara. Ka san abin da ya fara zuwa zuciyata? Ba zan yi maka ƙarya ba. Cewa na yi, ni in na faɗi a garin nan wa zai zo? Ƙanena yana kwance da karaya, ni ina kishin masu dubiya. Na yi istigfari, amma abin bai tafi duka ba. Ina jin irin halina ke nan, sai dai in riƙa lura da shi.

Zauren na Asali na rufe shi. David ya ce dama bai san me ake yi a ciki ba.

Na nemi hutun wata biyu, sun ba ni, ba albashi, sun kuma ce in na wuce haka kada in dawo. Zan taho tare da Bakoji da katan ɗin, in hanya ta yi kyau. Kada ka ce kada in zo, na riga na sa hannu. A buɗe gareji. Kai za ka zauna a benci kusa da Baba da hannunka a rataye, ka riƙa faɗa, ni in kwance in ɗaura. Shekarun nan sabon inji kawai nake taɓawa, tsofaffin nan da aka ɗaure da waya da roba sai ka tuna mini.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san za a yi ta shigowa ina tsugune a gaban mutum da sifana a hannu, ya dube ni ya ce, "Ina Maliki?" In ka ga na ɓata rai, kada ka ce komai, kada kuma ka yi dariya saboda haƙarƙarinka. Ka bar ni in gama ɗaure ƙusar. Zai wuce.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

Yayanka,
Naziru